Ina ya fi dacewa a ajiye hannun haƙa idan an kwance shi daga tarakta?

DanKura_375:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masu tarakta da kanikawan da ke wannan zaure. Taraktata Massey Ferguson 375 ce, kuma duk tsawon rani hannun haƙa ne ɗaure a bayanta, muna yashe magudanan ruwa a gonakin Kadawa, wani lokaci a kira mu haƙa tafkin kifi. Yanzu hadari ya fara haɗowa, mutane sun matsa a yi masu haro, dole in kwance shi, kuma ba zan waiwaye shi ba sai bayan kaka. Wurare uku nake da su. Akwai gindin darbejiya a bakin gona, akwai inuwa amma ƙasar wurin laka ce. Akwai filin ƙofar gida da aka zuba wa burji. Sai tsohon daɓen siminti da muke shanya shinkafa, wanda ya fara tsagewa. Wanne za ku ba ni shawara?

Bakanike_Gusau:
Wa alaikumus salam. Alhaji, gindin darbejiyar nan cire shi daga lissafi tun yanzu. Yau ka ga wurin da tauri, amma bari ruwan Agusta ya sauka. Ƙafa ɗaya za ta nutse fiye da ɗaya, abin ya karkace, ranar da ka zo mayarwa ramukan fin, wato ƙusoshin ƙarfen da ke ɗaure shi, su ƙi haɗuwa da hannuwan tarakta. Na sha zuwa irin wannan aiki, a kira ni da jak da majiya ƙarfi huɗu, a wuni ana fama da abin da ba ya wuce minti ashirin.

Baban_Zahra:
To ai amsar a fili take. Daɓen siminti mana. Mutum yana da siminti kuma yana tambaya?

Injiniya_Samaru:
Baban Zahra, ba kowane siminti ba ne kankare. Daɓen shanya yawanci ɗan shafe ne, kaurinsa bai fi santimita 4 ko 5 ba, babu rodi, ƙarƙashinsa ma ba lallai an daddaɓe ba. An yi shi ne don buhun shinkafa da ƙafar mutum. Shi kuwa hannun haƙa irin na tarakta mai ƙarfin doki 75 zai yi ɗaruruwan kilo, wasu sun haura rabin tan, kuma duk wannan nauyi a wurare uku kacal yake sauka: tafin ƙafafu biyu da bokiti. Daɓen da ya riga ya tsage, a nan zai ƙarasa fashewa, Alhaji ya rasa wurin shanya.

Sannan akwai abin da ya fi zaɓen wuri muhimmanci a ganina. Mutane suna sauke ƙafafun, su dasa bokiti a ƙasa, su zare fin, su ja tarakta su tafi, abin yana tsaye cak a sama. Me ke riƙe da shi? Man haidrolik ɗin da aka kulle a cikin silinda. Shi kuwa wannan mai ba ya zama wuri ɗaya. A hankali yake silalewa ta cikin bawul da ta gefen sil, wato zoben robar da ke tare shi, ko da ba ka ga ɗigo ɗaya a ƙasa ba. Bayan makonni sai ka tarar gindin injin ya sauko, wani lokaci ɓangare ɗaya ya riga ɗaya. Ko a kan kankaren filin jirgi ka ajiye shi haka zai yi. Don haka dole a sa gungume mai ƙarfi a ƙarƙashin gangar jikinsa, a sauke shi ya zauna a kai, ƙafafun su zama na tokara kawai.

Baban_Zahra:
Na karɓa, Injiniya. Ni dama ba ni da tarakta, babur ne da ni.

Firgi_Ngala:
Ina goyon bayan Bakanike a kan laka. Mu nan gabashin Borno baƙar ƙasar firgi ce. Da rani ta tsattsage har ka zura hannu a ciki, da damina ta kumbura ta zama kamar sabulu. Wani maƙwabcinmu ya ajiye garmar faifai a kanta, ba ma hannun haƙa ba, bayan damina sai da aka tono ta da shebur. Idan lakar Kadawa ta yi ko rabin halin tamu, kada ka kusance ta. Kuma inuwar bishiya ba alheri ba ce ga ƙarfe: ganye ya taru a cikin bokiti ya riƙe ruwa, tsuntsaye su yi ta kashi a kan silinda.

Dan_Maradi:
Mu wajenmu rairayi ne, ruwa ba ya kwanciya, amma shi ma yana da nashi hali. Iska ta kwashe ƙasar da ke gindin ƙafa ɗaya ta tara wa ɗayar. Abin da muke yi, faffaɗan katako muke shimfiɗawa ƙarƙashin kowace ƙafa da ƙarƙashin bokiti, nauyin ya bazu. Ni a nawa gani burjin ƙofar gida ya wadatar idan an sa katako.

Manomi_Funtuwa:
Katako a ƙasa tsawon damina? Malam Ɗan Maradi, ku ba ku da gara ne? Mu nan wata biyu ya isa ta cinye cikinsa ta bar maka ɓawo. Ka zo ka ga katako lafiya lau, ka taka ya rufta.

Dan_Maradi:
Akwai ta mana. Ya danganta da icen. Ka samu ƙirya, wadda ake sassaƙa turmi da taɓarya da ita, gara ba ta cika damunta ba. Maɗaci ma yana jurewa. Ka shafe shi da baƙin mai kafin ka shimfiɗa. Amma in ka ɗauko farin katakon rufi daga kasuwa, to wannan kam abincinta ka kai mata.

Hajiyar_Kifi:
Ku yi haƙuri in shigo, ba ni da tarakta amma irin wannan injin ne ya haƙa min tafkuna, kuma na ga yadda yaran ma'aikata suke yi da shi. Duk kuna maganar ƙasa, ba wanda ya ce komai a kan cewa ƙofar gida ce. Alhaji, abin nan yana da kujera da libobi. Wane yaro ne zai ga kujera da liba bai hau ya yi tuƙi ba? Ni dai hankalina bai kwanta da ƙofar gida ba.

Injiniya_Samaru:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin taɓo babban abu. Mutane suna ɗauka tunda babu tarakta a jiki, liba ba ta yin komai. Ba haka ba ne. Idan hannun yana ɗage ko ƙafafun suna ɗauke da nauyi, da yaro ya taɓa liba mai zai sami hanya, ƙarfen ya faɗo da nauyinsa, wataƙila ƙaninsa yana ƙarƙashi. Shi ya sa bayan an zaunar da shi a kan gungume kuma bokiti ya kwanta a ƙasa, sai a kashe inji a kaɗa kowace liba gaba da baya sau da yawa har ka ga babu abin da ke motsi. Sannan a sa fin ɗin da ke hana hannun juyawa hagu da dama. In an yi haka, ko sun hau ba abin da zai sauko. Duk da haka a kewaye wurin.

DanKura_375:
Hajiya gaskiyarki. Jikoki ne cike da gidan, ga almajiran makarantar da ke kusa da mu. Wannan ban kawo shi a raina ba sai da kika faɗa. Injiniya, maganar gungume, bulo ba zai yi ba? Ina da ragowar bulo inci tara.

Bakanike_Gusau:
A'a Alhaji, don Allah kada ka sa bulo. Bulo ba ya gargaɗi. Katako in ya gaji za ka ji yana ƙara, ka ga yana lanƙwasa, bulo kuwa lokaci ɗaya yake wargajewa. Balle bulon zamanin nan da ake buga abin da ya fi ƙarfin buhu ɗaya.

MaiWalda_Panteka:
Ku zo Kaduna a yi maku abin da zai raba ku da wannan muhawara. Ana haɗa masa gado da ƙarfen angul mai kauri daidai tsayin da yake fita daga tarakta, da wurin zaman gangar jiki da wurin zaman bokiti. In kana da kankare mai santsi a sa masa tayoyin ƙarfe huɗu, mutum biyu su tura shi lungu, ranar mayarwa kuma shi za ka turo wa tarakta, ba sai kana ta ribas kana leƙe ba. Gara ba ta cin ƙarfe.

Manomi_Funtuwa:
Oga mai walda ya zo talla.

MaiWalda_Panteka:
Ko ba a wurina ba, kowane mai walda ya iya. Amma in faɗa maku gaskiya, tayoyin ba su da amfani a kan burji, nutsewa za su yi. A burji sai dai gado marar taya, a yi masa faffaɗan tafi.

Na_Minesota:
Salam daga Amurka. Ina da ƙaramar Kubota mai hannun haƙa, kuma kowace shekara sai na kwance shi kafin hunturu don in ɗaura abin ture ƙanƙara. Mu matsalarmu daban: ƙasa tana daskarewa ta ɗago, in bazara ta zo ta narke ta koma taɓo, don haka wanda ya ajiye a kan ciyawa yana tare da wahala. Yawancin mutane a nan ko dai a cikin gareji a kan irin gadon da mai walda ya kwatanta, ko a kan tsakuwa da aka daddaɓe. Littafin da ke zuwa da injin ma abin da yake cewa ke nan, wuri mai tauri kuma lebur.

Abin da nake so in ja hankalin Alhaji a kai: in ka cire tiyon hannun haƙa, ka tabbata ka haɗa tiyon tarakta biyun da juna kafin ka tayar da inji. In ba haka ba man da famfo ke turowa ba shi da hanyar komawa, sai ya yi ta zafi har famfon ya lalace.

Bakanike_Gusau:
Malam na Minesota, maganarka daidai ce amma ga irin taka, wadda hannun yake shan mai daga famfon tarakta. Yawancin waɗanda ake ɗaura wa 375 a nan suna zuwa da tankinsu da famfonsu, ana soka famfon a shaf ɗin PTO, wato sandar da ke juyawa a bayan tarakta, ya juya shi. Irin wannan babu tiyon da za a haɗa a jikin tarakta. Alhaji, naka wanne ne?

DanKura_375:
Mai famfon PTO ne, tankinsa a ƙarƙashin kujera yake.

Bakanike_Gusau:
To shi ke nan. Ka zare famfon, kada ka bar shi yana reto a jikin tiyo ko kwance a ƙasa. Ka ɗaure shi a sama a jikin injin, ka cusa giris a ramin da shaf ke shiga, ka rufe da leda. Ka kuma duba murfin tankin, in ruwan sama ya sami hanya mai zai koma fari kamar madara, sai ka zubar da shi duka.

Na_Minesota:
Na gode da gyara. Ga masu irin tawa da ke karantawa, in ƙara abu ɗaya. In ka kwance da sanyin safiya ka bar tiyo a kulle, rana ta buga shi, man da ke ciki yana buɗewa, kuma da yake ba shi da wurin zuwa matsin yana hawa sosai, kusan bar 10 a ma'aunin matsi a kowane ƙarin digiri ɗaya na zafi in wurin a toshe yake ruf. Ranar mayarwa sai kan tiyon ya ƙi shiga ko ka hau kansa. Maganinsa ka soka tiyon hannun haƙan biyu a juna tun ranar da ka cire. Datti ma ba zai shiga ba.

Dan_Maradi:
In a Amurka rana na yin haka, to mu da muke ganin digiri 43 a watan Afrilu fa?

Injiniya_Samaru:
Tunda an zo nan, kada wanda ya kwance tiyo mai matsi da hannu tsirara, kuma kada a shafa tiyo da yatsa ana neman inda yake yoyo. Man da ke fita ta ƙaramar huda yana iya huda fata ya shiga nama. Wurin zai yi kamar ɗan tsinin allura, mutum ya raina, alhali aikin tiyata ne na gaggawa, an sha rasa yatsa a kan haka. Da kwali ake nema. In dole ne a rage matsi, a rufe da tsumma mai kauri a sassauta da sifana a hankali.

Sabon_Shiga22:
Don Allah nawa ake haƙa tafkin kifi yanzu a wajen Bunkure? Kuma da awa ake biya ko da girman rami?

Admin_Zaure:
Sabon Shiga, buɗe wa tambayarka zare daban, za a amsa maka. Nan maganar ajiya ake yi.

Tsohon_Direba:
Ni na tuƙa tarakta tun zamanin da ruwan Tiga ya fara isa gonakin Kadawa, kuma ina ganin kun cika tsawaita abu, 'ya'yana. A da a fili muke zubar da kayan aiki, shekara ta zagayo mu ɗauka. Burji ya isa. Ka duba inda ruwa ba ya kwanciya, ka sa itace, ka tafi harkarka.

Manomi_Funtuwa:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma garma da haro kuke zubarwa, ƙarfe ne zalla. Wannan yana da silinda shida ko bakwai, kuma kuɗin gyaran guda ɗaya yanzu sai ya sayi buhunan taki.

Tsohon_Direba:
Wannan kuma gaskiya ne. To ku shafa masu giris.

Bakanike_Gusau:
Baba ya faɗi magana a taƙaice. Sandar silinda mai ƙyallin nan ita ce ran abin. Duk wadda za ta iya shigewa ciki a shigar da ita, wadda dole ta zauna a waje a lulluɓe ta da giris. In tsatsa ta yi mata ɗigo-ɗigo, ranar da ta koma ciki za ta yanka sil, daga nan yoyo ya fara, kuma sanfefa ba ta gyara shi. A kuma bi duk kan giris a buga har sabo ya turo tsohon, don ruwa kada ya kwanta a cikin fin.

Firgi_Ngala:
Ni ina da ja a kan giris ɗin nan. Zai ajiye har bayan kaka, wato hunturu zai same shi. Giris da ƙurar hunturu in sun haɗu ai sun zama abin goge ƙarfe. Ba gara a bar sandar a bushe a naɗe ta da leda ba?

Bakanike_Gusau:
Leda a kan busasshen ƙarfe da damina gumi take tarawa, tsatsar ta fi sauri. A shafa giris, in ana so a naɗa tsumma a kai. Sharaɗin kawai a goge shi tas da kananzir kafin a motsa silinda. Wanda ya manta bai goge ba, shi ne zai gamu da abin da kake faɗa.

Firgi_Ngala:
To ai matsalar ke nan, yaran tarakta ba sa gogewa. Ni dai ban gamsu duka ba.

Hajiyar_Kifi:
Tamfol fa? Ina ganin ana rufe injina da shi.

Injiniya_Samaru:
Yana taimakon kujera da tiyo, don rana ce ke busar da roba ta tsattsage. Amma kada a naɗe shi ruf har ƙasa, a bar iska tana ratsawa. 'Yar rumfar kwano ta fi. Kuma duk ramin da aka bari a buɗe, zanzaro zai cika shi da laka, ɓeraye kuma suna son ƙarƙashin tamfol.

In koma kan tambayar asali. In da ni ne, kuma kowace shekara zan riƙa wannan kwancewa, zan zuba kankare na musamman sau ɗaya in huta. Mita 3 a tsaye, mita 2 da rabi a kwance, kauri santimita 15. Wannan ya ɗan haura kubik mita ɗaya, a haɗin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, buhu 7 zuwa 8 zai ci. A daddaɓe ƙasan da kyau, a sa ragar rodi, a ɗaga shi ya fi ƙasar wurin tsayi kaɗan. A yi ta ba shi ruwa mako guda, kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Abin da ake mantawa shi ne inda tayoyin bayan tarakta za su tsaya. In kankaren ya ɗago amma tayoyin suna cikin kwari, ko damina ta zaizaye wurin, ka koma gidan jiya, tsayin ba zai haɗu ba. Ko dai a tsawaita kankaren ya ɗauki tayoyin, ko a cike gabansa da tsakuwa.

DanKura_375:
Injiniya, kwana 28 fa ka ce. Ni jibi nake son fara haro.

Dan_Maradi:
Shi ya sa na ce burji da ƙirya. Bana ka yi haka, kankare ya jira rani.

MaiWalda_Panteka:
Wani zai ce maka ka nemo katakon layin dogo, wai ya fi komai. Kada ka saya a hannun 'yan gwangwan, kayan gwamnati ne, ana kama mutane a kansa. Kuma tunda na ambace su, ƙofar gida ko bakin gona, ka cire fina-finan da ke zaruwa da hannu ka kai ɗaki. Su ne farkon abin da ke ɓata.

Baban_Zahra:
Fina-finai kuma? Na Kannywood?

MaiWalda_Panteka:
Kai dai ka tsaya a babur ɗinka.

Tsohon_Direba:
Abu ɗaya da ba wanda ya faɗa. Ranar da ka ajiye, ka kafa turaku biyu ko ka ja layi da fenti daidai inda tayoyin baya suka tsaya. Wata biyar nan gaba ba za ka tuna ba, kuma wataƙila ma wani yaron ne zai yi ribas ɗin. Sannan kada kowa ya tsaya tsakanin tarakta da injin lokacin da ake matsowa. A tsaya a gefe, a yi wa direba alama da hannu.

DanKura_375:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na je na duba filin burjin da yamma. Ɓangaren da ke jikin katanga ya fi tudu, amma indararon ɗakin zaure a nan yake zuba. Ɗaya ɓangaren babu indararo, sai dai yana da 'yar gangara zuwa titi, a ido dai kamar faɗin tafin hannu a tsawon injin. Ƙiryar kuma na aika Kura a tambayo min wajen masu sassaƙa.

Injiniya_Samaru:
Gangarar ta gefe ce ko ta tsawo? In ta tsawo ce, bokiti ya kalli inda gangarar ta nufa, ana iya zama da ita. In ta gefe ce sai an cike an daidaita, kada ka ce za ka gyara da tsawon ƙafa ɗaya, don mun riga mun ce ƙafar saki take yi.

Manomi_Funtuwa:
Ni da zan karkatar da indararon in zauna a tudun. Bututu ɗaya ne fa.

Hajiyar_Kifi:
Jikin katanga kuma ai nan yara suka fi zama da hantsi. Alhaji, ba ka da wani fili a bayan gida?

DanKura_375:
Akwai, Hajiya, amma ƙofar ba ta cin tarakta sai an fasa katanga. Injiniya, gobe da safe zan sa magini ya ɗora lebur a wurin in turo maka hoto.